Sheƙin da Ya Rufe Walda

An yi wani mutum mai sana'ar goge fentin mota. Ba shi ke fesa fentin ba. Idan mai fenti ya gama, shi ake kawo wa. Zai jiƙa sanfefa mai laushi a bokitin ruwan sabulu, yana zuba ruwa yana gogawa a hankali, har duk wani ƙurji da tsiyayar fenti su kwanta. Daga nan ya ɗauko injin goge da man folish, ya bi motar sau uku. Idan ya gama, sai ka tsaya gaban ƙofarta ka ƙirga gashin gemunka. Shi ya sa ake ce masa Madubi.

Ya 'yan uwa, sana'ar nan halal ce, kuma Allah ya ba shi hannu. Ya san da haka, yana kuma ji da sunansa fiye da komai.

Wata rana wani dillali ya kawo masa baƙar mota sabuwar fesawa. Yana cikin gogawa, daidai tsakanin ƙofar gaba da ta baya, sai yatsunsa suka ji tudu. Mai wannan sana'a da yatsa yake gani. Ya ƙara gogawa. Ruwan da ke gangarowa, wanda ya kamata ya fito fari kamar nono, sai ya koma ruwan tsatsa. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasan motar, ya ga layin walda ya ratsa ta daga gefe zuwa gefe. Ashe motoci biyu ne da suka yi hatsari, aka yanko gaban wannan aka liƙa da bayan waccan.

Dillalin ya yi dariya ya ce, “Haba Madubi, goge aka kawo maka ko bincike? Kwantar da tudun nan kawai. Idan ka sa hannunka, wa zai gani?”

Wannan yabon ne ya ci shi. Ya ce a ransa, ba ni na yi waldar ba, ba ni zan sayar ba. Haka Shaiɗan ke raba zunubi gida-gida, kowa ya ɗauki ɗan kasonsa yana cewa ba nauyi. Ya cike wurin, aka sake fesawa, ya kwana biyu yana gogewa. Bai taɓa fito da sheƙi irin wannan ba.

Bayan wata huɗu, sai ga hon a ƙofar garejinsa. Ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, bakinsa har kunne, cikin baƙar mota. Tun daga nesa Madubi ya gane aikin hannunsa.

Ƙanin ya ce, “Yaya, dillalin ya ce kai ka goge ta. Da na ji haka ko makanike ban kira ba. Motar da ta bi ta hannunka ai ba sai an duba ba.”

Ya 'yan uwa, kalma nawa ake bukata a nan? Mayar da ita. Shi ke nan. Amma idan ya faɗa, za a tambaye shi yadda ya sani, kuma duk layin gareji zai ji abin da Madubi ke rufewa. Ya buɗe baki, sai ya ce, “Allah ya sa alheri.”

Ya ce gobe zai gaya masa. Gobe ta zo, ya tarar da mahaifiyarsu tana shafa motar tana sa wa ƙanin albarka. Ya ce sai jibi. Kullum motar ta wuce lafiya, zuciyarsa ta ce masa, ka gani? Waldar ta riƙe.

Wata safiya ƙanin ya ɗauki mahaifiyar za su duba 'yar uwarta marar lafiya a wani gari. Babbar 'yar Madubi ta ce za ta raka kakarta. Madubi yana tsaye a ƙofar gida suka shiga baya. Shi da kansa ya rufe musu ƙofa, har ya sa gefen rigarsa ya goge sawun yatsa a jikinta.

Kafin azahar aka kira shi. Motar ta faɗa rami da gudu, ta rabe biyu daidai kan waldar. Gaban ya tsaya a kan titi. Bayan ya yi cikin kwari da tsohuwa da jikarta, kuma babu wadda aka ciro da rai. Da ya isa wurin ya durƙusa, ƙofar bayan tana kwance a ciyawa, sheƙinta bai dusashe ba. Fuskarsa ya gani a ciki.

Ƙanin ya rayu, amma bai ƙara taka ƙafarsa ba. A gadon asibiti ya kama hannun wansa, ya daɗe yana kallon yatsun, sannan ya ce, “Yaya, da kake gogewa, ba ka ji komai ba?”

Madubi ya zare hannunsa, ya kau da kai. Nan ƙanin ya gane. Bai ƙara riƙe sanfefa ba, kuma har ya bar duniya ƙaninsa bai sake ce masa Yaya ba.

Ya kai mai sana'a, algus haramun ne ko da hannu uku ya bi kafin naka. Aibin da ka rufe yau, ka san wa zai shiga cikinsa gobe? Kuma idan ka yi kuskure, faɗi tun bakinka na da amfani. Kunyar yini ɗaya ya guje wa, ya binne uwa da 'ya.

Allah ya kiyaye mu daga gyara waje mu bar ciki yana ruɓewa. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya kafin lokacinta ya wuce. Amin.