Sunan da Aka Cire Ba Ya Dawowa

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnenku, ga ta nan.

An yi wani saurayi, Nomau, ɗan mutanenmu, wanda ya tashi a ƙasar sanyi, inda ake buga ƙwallon gora a kan ƙanƙara. Shi ne mai tsaron gidan ƙasar a gasar matasa ta duniya, kuma shekarunsa sun kai iyaka, daga wannan gasar sai dai kallo. Dokar gasar ba ta da tausayi. Ba a sauya ɗan wasa sai in ya ji rauni, wanda kuwa aka cire sunansa ya fita ke nan, ko da ya warke washegari.

Ana gab da wasan ƙarshe, ƙeyar Nomau ta bugu da ƙanƙara. Ya miƙe yana dariya. Amma shi ya san yadda fitilun filin suka koma bibbiyu a idonsa. Ya ɓoye wa kowa.

Ƙaninsa Ilu shi ma mai tsaron gida ne a tawagar, yana zaman ko-ta-kwana. Suna sallar la'asar, ya ga yayansa ya yi sujada ya kasa ɗagowa. Ilu ya san in ya faɗa, shi za a saka, kuma har abada za a ce ya ci amanar ɗan'uwansa don gurbi. Ya je ya faɗa wa koci.

Kocinsu, wani dattijon Bature, ya san babu kofi in babu Nomau, kuma babu aiki in babu kofi. Ga Nomau yana tsaye da ƙafafunsa, yana rantsuwa lafiyarsa lau. Da kocin ya kau da kai, da ba mai tuhumarsa. Ya miƙa sunan aka cire.

Saura asibiti. Nomau ya ce ko gawarsa ba za ta je ba, tunda sun gama da shi. Sai aka kira uwarsu Delu, tana ganin gida a Gumel, aka ɗora masa wayar a kunne.

"Inna, lafiyata ƙalau, haɗa baki suka yi."

"Rufe min baki. In ba ka bi likita yanzu ba, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Bai taɓa jin wannan daga bakinta ba. Ya bi su asibiti yana kuka.

Likitoci suka tarar jini ya taru a cikin ƙoƙon kansa, suka ce da ya ƙara buguwa, ko da ya kwana a haka, sai dai a yi masa sutura. Aka yi aiki, ya tashi.

Wasan ƙarshe kuwa, aka zazzaga wa Ilu ƙwallaye, 'yan kallo suka yi masa ihu, har yau bai sake riƙe gora ba. Aka sallami koci. Delu ta samu ɗanta da rai, amma in ta kira, gaisuwa kawai yake yi ya kashe wayar.

Nomau bai ƙara taka ƙanƙara ba. Sai bana zuciyarsa ta sauko, ya ce zai je neman gafara, amma ya rasa ƙofar da zai fara ƙwanƙwasawa.

To, ku da kuke ganin kun fi tsofaffi wayo, wa zai fara durƙusa wa, ƙanen, kocin, ko uwar?