Motar Baba Sai-Dai

Akwai wata malamar firamare da ta daina jin komai a ranta, kuma ba za ta iya cewa ga ranar da ta daina ba.

Tun da ɓarin jikin mahaifinta ya shanye aka dawo da gadonsa falo, kwanakinta suka zama iri ɗaya. Ta juya shi, ta goge masa jiki, ta niƙa magani a cokali, ta tafi makaranta, ta dawo. Da ita ce mai sa gidan dariya. In ta kwaikwayi tafiyar shugaban makarantarsu, Baba, da yake tela ne, sai ya ajiye almakashi ya riƙe ciki. Yanzu keken ɗinkin na kusurwa an lulluɓe shi da zani, ita ma bakinta ya mutu.

Kalma ɗaya ta rage wa Baba: "Yaya." Yayarsa yake kira, wadda ta raine shi, tana can wani gari da sai an wuni ana tafiya. Ta tsufa, idonta ya tafi. Likita kuwa ya ce in akwai wanda Baba ke son gani, kada a jira.

Da dogon hutu ya matso, Malama ta ce za ta kai shi. Motar tasha ba za ta yi ba, don babu wurin keken da ake tura shi a kai, babu kuma direban da zai riƙa tsayawa a juya mara lafiya. Dole a ɗauki hayar mota, ƙaninta ya tuƙa. Ƙanin nan waya yake sayarwa, ana ce masa Shugaba saboda ko ruwa zai sha sai ya ba wani umarni.

Wurin farko da suka je wani fili ne a bayan shagon mai faci, da 'yan tsofaffin motoci a inuwa. Mai su dattijo ne mai shaƙaƙƙiyar murya, hannu ɗaya kullum a bayansa. Bai fara da farashi ba, sai ya tambayi wa za a ɗauka. Da ya ji, ya sa aka je aka kawo keken Baba, ya naɗe shi da kansa ya gwada a but, wurin kaya na bayan motar. Sannan ya shiga zagaya motar yana ɗingishi, yana tona mata asiri.

"Inji lafiya lau, birki sabo. Sai dai ƙofar bayan nan, sai an doke ta da ƙugu. Injin sanyi yana aiki, sai dai in kun zo tudu ku kashe, ba ta iya hawa da shi. Rediyo na kamawa, sai dai tasha ɗaya, ita ma ta manoma."

Shugaba ya yi dariya har da tafi. "Baba, haya kake bayarwa ko korar mu kake yi?"

Dattijon ya ce ya fi son su ji a bakinsa, kada su je su ji a tsakiyar daji. Ya juya wajen Malama ya ce zai ajiye mata motar har safiyar tafiya, in ta fasa, kira ɗaya ya isa. Ta gyaɗa kai, kamar yadda take gyaɗa wa kowa.

Kafin su kai bakin titi, Shugaba ya raɗa masa suna Baba Sai-Dai.

Wuri na biyu ofis ne mai ƙofar gilas, da wani saurayi da turarensa ke riga shi gaisuwa. Duk abin da aka tambaya amsarsa ɗaya ce. Tayoyi? Babu matsala, Hajiya. Doguwar tafiya? Babu matsala, Hajiya. Ina motar? Tana wajen wanki, ga hotonta a waya, sabuwa fil. Kuma ta fi ta dattijon araha.

Malama ta lura bai tambayi wa za a ɗauka ba, amma ba ta da ƙarfin musu. Shugaba ya ba da kafin alƙalami, ya fito yana kaɗa makullin babur ɗinsa kamar shi ya ƙera motar.

Ba ta kira dattijon ba. Ba wulaƙanci ba ne, a kwanakin nan ko shayi ta haɗa sai ya huce ta manta da shi.

Ranar tafiya ta yi wa Baba wanka da sassafe, ta sa masa rigar da ya ɗinka wa kansa, ta turo shi bakin ƙofa kusa da jakunkuna. Shugaba ya kira saurayin, aka ce motar na hanya, babu matsala. Rana ta ɗaga, aka ce taya ake canzawa. Daga nan wayar ta mutu.

Shugaba ya hau babur ya je. Ya dawo fuskarsa kamar an wanke ta da toka. Tun jiya aka ba da motar ga wani da ya ƙara kuɗi, kuɗinsu kuma a dawo a karɓa bayan hutu. Ya zagaya ko'ina, babu motar da ta rage, kowa ya tafi hutu.

Baba na kallon titi. Ya ce, "Yaya."

Malama ba ta yi faɗa ba, ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki jaka ɗaya ta nufi ciki da ita. A nan wayarta ta yi ƙara. Dattijon ne.

"Malama, na wanke ta, na zuba mai. Sai dai ban gan ku ba."

Ta faɗa masa gaskiya, cewa sun kama wata, ta manta ba ta kira shi ba, waccan ɗin kuma ba ta zo ba. Ashe mutane sun yi ta zuwa suna ƙara masa farashi, yana cewa motar na da mai ita.

"To ai ba ki kira ba," in ji shi. "Tana nan."

Da kansa ya kawo ta. Ya kwantar da kujerar gaba, ya kuma zo da matashi daga gidansa don a tokare ɓarin da ya shanye. Shugaba ya sunkuyar da kai yana ba shi haƙuri. Dattijon ya miƙa masa makulli ya ce ya tuƙa a hankali, shi ne haƙurin, sai dai kada ya manta da tudu.

Duk abin da ya faɗa sai da ya faru, kuma babu abin da ya ƙaru a kai. Suka wuni suna jin yadda ake feshin tumatir. Da sun hango tudu, Shugaba zai kashe sanyi ba tare da ya ba kowa umarni ba.

Da suka tsaya a gefen hanya don a juya Baba, ƙofar bayan ta kafe. Malama ta doke ta da ƙugu, ta ƙi. Ba ta san lokacin da hannunta ya koma baya ba, muryarta ta shaƙe irin ta dattijon, ta zagaya motar tana ɗingishi.

"Ƙofa lafiya lau. Sai dai ba ta buɗuwa."

Wani sauti ya fito daga kujerar gaba. Ta ruga, ta ɗauka Baba ya ƙware. Dariya yake yi da rabin bakinsa, hawaye na bin kuncinsa. Ta tsaya tana kallonsa. Ba ta yi dariyar ba, amma ta ji zafin rana a wuyanta, abin da ta daɗe ba ta ji ba.

Da yamma suka isa. Gwaggo, yayar Baba, na zaune a baranda. Aka turo keken gabanta, ta miƙa hannu tana laluben fuskarsa, goshi, kunne, haɓa.

"Kai, haka ka tsufa ba ka aiko an faɗa mini ba?"

Baba ya ce, "Yaya."

Ta ce, "Na'am."

Tun da ya kwanta yake kiran nan, sai yau aka amsa.

Darasi: Wanda ya fara faɗa maka aibin kayansa ya fi cancantar amanarka fiye da mai cewa babu matsala, kuma arahar da ba ta zo ba ita ce mafi tsada. In wani ya riƙe maka alkawari, kada ka manta da shi ko da kira ɗaya ne. Ku tura wa duk wanda ke shirin doguwar tafiya a hutun nan, kafin ya biya kuɗin hoto.