Murfin da Hayatu Bai Ɗaure Ba

Hayatu ma'aikacin gwajin jini ne a wani ƙaramin asibiti a Jimeta. Ya san aikinsa, wannan ba musu, amma gaggawa ta yi masa yawa. Ni Asta, shekara shida muna aiki ɗaki ɗaya, na yi magana har bakina ya gaji.

Shekarar da 'yan gudun hijira suka cika gari aka kawo mana na'urar gwada jinin masu feshin gona. Akwai wani sinadari a jinin mutum da maganin ƙwari ke karya wa ƙarfi. In ka ɗiga jini a na'urar, lantarki ya ratsa shi, sai ya ba da ɗan haske, ita kuma ta auna, ta nuna lamba. Haske da yawa, jini lafiya. In ya dushe, guba ta taru. Sharaɗin ɗaya ne, a rufe murfi ruf kada hasken waje ya shiga.

To, maƙallin murfin ya karye. Na ce, "Hayatu, ka riƙa ɗaure shi da roba."

Ya ce, "Haba Adda Asta, dubi layi fa! In na tsaya ɗaure-ɗaure sai Magariba." Ga zafi, ya ja teburin zuwa bakin taga.

Ranar ce wani mai suna Absalom ya zo. Daga Michika ya gudo da matarsa Keturah, yana yi wa mutane feshin gona a Yolde Kohi. Ya ce jiri yake ji, yawu na cika masa baki. Hayatu ya ɗiga jinin, ya dafa murfin da yatsa ɗaya. Lamba ta haura sama.

"Baba, jininka garau. Gajiya ce kawai."

"To, in koma feshi?"

"Koma abinka."

Bayan kwana huɗu aka kawo shi ranga-ranga, ya faɗi a gona da tankin feshi a bayansa. Bai kai La'asar ba. Na ɗauko ragowar jininsa na farko a firiji, na ɗaure murfin, na sake gwadawa. Lamba ta faɗo ƙasa warwas. Ashe hasken rana Hayatu ya auna, ba jini ba.

Keturah ta zo wurin Hayatu. Ta ajiye masa takardar sakamakon a tebur, ta ce, "Likita, bindiga ba ta same shi ba. Wannan ce ta ce ya koma."

Jama'a, sauri ya haifi nawa. Duk wanda mutane ke dogara da maganarsa, kada tsawon layi ya sa ya tsallake ƙa'idar aiki, komai ƙanƙantarta. Yau Hayatu sau biyu yake ɗaure murfin, amma Absalom ba zai dawo gwaji ba.