Ƙofar Leƙen Hakimi

An yi wani hakimi mai son jin ƙwaƙwaf. Ran nan ya kira Tasalla, mai kula da manhajar hirar 'yan kasuwa.

"Ki yi mini ɓoyayyiyar ƙofa in riƙa karanta hirarsu, ko in rufe shagonki."

Tasalla ta durƙusa. "An gama, ranka ya daɗe. Sai dai manhajar nan a fili ake gina ta. Duk abin da aka ƙara, sai an bayyana wanda ya nema da dalilinsa, duniya ta gani. In sa 'Hakimi na son jin gulmarsa', ko akwai dalilin da ya fi?"

Fadawa suka sunkuyar da kai.

Hakimi ya gyara rawani. "Wa ya yi maganar ƙofa? Ya jikin mahaifinki?"