Mai Bin Makokin Manyan Gidaje

An yi wani mutum a nan Iskandariyya, ba zan faɗi sunansa ba domin yana raye. Aikinsa nemo tallafi ne ga wata ƙungiya mai koya wa matasa zayyanar rubutu da sassaƙar katako. Aiki ne na halal. Yakan je wurin masu hali, ya nuna musu aikin ɗalibai, ya roƙa, in an bayar ya kai takardar godiya da hannunsa. Yana da ladabi, ga daɗin baki.

Ana nan sai ya lura cewa mai dukiya bai fi sakin hannu ba kamar lokacin da aka yi masa rasuwa. Daga nan kullum da safe, tun kafin ya karya, sai ya buɗe jarida shafin sanarwar mutuwa. In ya ga sunan babban gida, da magariba yana zauren makoki cikin baƙar kwat. Ya bi layi ya gaisa da iyalan, ya sha gahawa marar sukari, ya sunkuyar da kai har mai karatu ya kai aya. Ranar ba ya roƙon komai. Sai an yi arba'in ya koma gidan, ya ce marigayi ya taɓa gaya masa yana son a buɗe aji da sunansa. Ƙarya ce. Yawancinsu bai taɓa zama da su ba. To, ya 'yan uwa, wane ɗa ne zai ƙi cika burin ubansa da ke kabari?

A lungun da aka haife shi kuwa, ana mutuwa ba a ganinsa. Mai burodin unguwar ya rasu, bai zo ba. Malamin da ya koya masa Fatiha ya rasu, sai saƙo ya turo ta waya. Wansa Subhi, mai gyaran injin kwale-kwale, ya tare shi wata Juma'a a gaban mahaifiyarsu ya ce, "Kai yanzu ba ka jin mutuwa sai ka ga motoci a ƙofa? Mu masu tafiya a ƙafa ba mu isa gaisuwa ba?" Ƙanen ya yi dariya, ya ce aiki ne ya yi yawa. Tsohuwar shayi kawai ta ƙara masa.

Wata rana ya je wurin Hajiya Ihsan, matar wani attajirin auduga da aka yi wa arba'in. Ya gaya mata cewa a azumin bara maigidanta ya riƙe hannunsa ya ba shi wasiyyar aji. Ta dube shi, ta ce, "Ustaz, shekara uku ke nan Alhaji bai furta kalma ba, tun da jikinsa ya shanye. Ni mai ba shi abinci a baki ban ji muryarsa ba. Kai ka ji?" Ta sa aka raka shi ƙofa.

Ya ɗauka magana ta mutu a nan. Ya manta matan manyan gidaje makoki ɗaya suke zuwa, kuma suna hira. Kowacce ta tuna abin da aka zo aka gaya mata bayan nata arba'in ɗin.

Ba a yi wata biyu ba mahaifiyarsa ta rasu. Bayan an dawo daga maƙabarta, Subhi ya ce a kafa rumfa a lungu yadda aka saba. Shi kuwa ya ƙi. Ya ce manyan mutane za su zo, ba zai sa su tsallake ruwan kwata ba. Ya kama zaure a gefen babban masallaci, aka jera kujeru ɗari uku. Subhi ya ce, "Je ka. Mu muna inda ta zauna."

Mutumin ya tsaya a bakin zaure tun magariba. Mai gahawa ya gaji da riƙon faranti ya ajiye. Mai karatu ya kai aya, ya ɗaga kai ya dubi kujeru, ya sake farawa. Mutum ɗaya ne ya shigo, Dakta Midhat, shugaban ƙungiyar. Ya yi wa mamaciya addu'a a taƙaice, sannan ya rage murya ya ce gidaje bakwai sun nemi a cire sunayen iyayensu daga ƙofofin azuzuwa, don haka kada ya ƙara zuwa ofis. Ko zama bai yi ba.

Mutumin nan ya taka da ƙafa zuwa lungunsu. Ya tarar rumfa ta cika, masunta da 'yan kasuwa har kan matakala, Subhi yana tsaye shi kaɗai yana karɓar gaisuwa inda ya kamata a ga 'ya'ya biyu. Ya tsaya daga bakin lungu. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya kira shi. Masu fitowa suka yi masa sallama irin wadda ake yi wa baƙo, suka wuce. Har yau da nake wannan magana, babu wanda ya riƙe hannunsa ya ce masa ya haƙuri da rashin uwarsa.

Ya 'yan uwa, mutumin nan bai ci kuɗin kowa ba. Duk abin da ya samo aji aka gina da shi. Amma ya sa magana a bakin matattu, ya mai da ta'aziyya kasuwa, ya ji kunyar mutanensa. Mu masu 'ya'ya, abin nan yana hana ni sukuni. Muna murna sun samu aiki suna cuɗanya da manya, amma mun taɓa tambayarsu yaushe rabonsu da makokin maƙwabci? Wanda zai roƙa don alheri ya roƙa da gaskiya, in an hana shi ya koma gida. Wanda zai je gaisuwa ya je don Allah.

Allah ya kiyaye mu da ƙarya a kan waɗanda ba su da bakin musu, ya kiyaye 'ya'yanmu da ranar da za su tsaya su kaɗai. Amin.