Mutumin da Kwanonsa Bai Ragu Ba

Akwai wani mutum da yake zaune da matarsa da 'ya'yansu, yana kiwon kaji a bayan gida. Al'adar gidansa irin ta gidan ubansa ce: maigida shi kaɗai yake cin abinci a ɗakinsa. Matar takan fara cika kwanonsa, ta rufe, ta kai masa, sa'an nan ita da yara su ci abin da ya rage a madafa.

Ana nan sai annoba ta sauko, aka kulle gari. Aka rufe kasuwa, motocin hatsi suka daina shigowa. Shinkafa ta ɓace, burodi ya ɓace, manja kuwa sai dai labari. Amma kwanon mutumin nan bai ragu ba, kullum tuwon masara ne cike, da miya har da ɗan busasshen kifi. Yakan leƙa ta kan katanga ya ce wa maƙwabcinsa, "Ku ne kuka ga yunwa. Ni kam Ubangiji ya tsare mini tukunyata." Alhali ko sau ɗaya bai taɓa leƙa tukunyar ba.

Abu ɗaya ne ya dame shi. Buhun dusar kaji yana ta raguwa, kajin kuwa sai ramewa suke yi. Ya ce lalle ɓarawo ya sa shi a gaba. Ran nan da rana tsaka ya ga burbushin dusa a ƙasa, ya bi shi cikin fushi, sai ga shi a bakin madafa. Ya banka ƙofa.

Ga matarsa zaune, ga yara sun kewaye tukunya, suna shan dusar da aka dama da ruwan zafi. Autarsa Keziya tana lasar ludayi, hannunta ya zama kamar sillen kara. Mutumin ya sandare, baki buɗe.

Da ƙyar ya ce, "Maman Filibus, mene ne wannan?"

Ta ce, "Abinci ne, Maigida."

"Dusa? 'Ya'yana? Tun yaushe?"

"Tun da aka rufe kasuwa masarar ta kasa isar mu duka. Kai ne babba, bai kyautu kwanonka ya ragu ba."

"Don me ba ki faɗa mini ba?"

Ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ba ka tambaya ba."

Sai Keziya ta miƙa masa ludayin, ta ce, "Baba, sha. In an sa gishiri tana da daɗi." Ya zube a ƙasa, ya ɗora hannu a ka, ya fashe da kuka.

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin. Mutumin nan shi ne duk wanda yake auna alherin Allah da cikinsa kaɗai. Shi ba mugu ba ne, bai kuma hana kowa abinci da gangan ba. Ya ƙoshi ne, sai ya ɗauka kowa ya ƙoshi. Ni abin da yake girgiza ni shi ne, ya ga ramar kajinsa, bai ga ramar 'yarsa ba! Matar ma ta yi kuskure, gama ladabin da yake sa yaro ya kwana da dusa a ciki ba shi ne Allah ya umarta ba.

Madafar kuwa ita ce gidanka, da maƙwabtanka, da wadda kuke zama a benci ɗaya a majami'a ran Lahadi. Masu yunwa da yawa ba sa faɗa, kunya ce take rufe musu baki. Kai za ka tashi, ka leƙa, ka tambaya. Gama a ranar shari'a Ubangiji ba zai karɓi "ban sani ba" daga bakin wanda yake gida ɗaya da mai yunwa ba.