Tagar da Mai Jirgi Ya Ɓare da Hannunsa

Akwai wani a cikinmu, ba zan kira suna ba, da ya tsaya a bakin majami'a makon jiya yana cewa Allah ya toshe masa ko'ina. Da kunnena na ji. To, ya gyara zama.

Akwai wani mutum da ya sassaƙa ɗan jirgin sama da itacen rimi, ya sa masa tagogi na gilashi. Wata uku yana aikin, domin 'yarsa Rahila za ta gama makarantar tuƙin jirgi, shi kuwa ba shi da abin ba ta sai wannan. Ya kai wa wani tsoho mai fenti.

Bayan kwana uku ya dawo, ya tarar an goge jirgin da samfefa, an shafe shi da fenti ruwan toka, an kuma liƙe kowace taga da salatif.

Ya ce, “Haba Baba! Jirgi na kawo maka ko gawa? Duk ka makantar da shi!”

Tsohon ya ce, “Ɗana, ban gama ba. Sauke hannunka.”

Ina! Kafin tsohon ya rufe baki, mutumin ya ɓare salatif ɗin tagar gaba, inda matuƙi yake zama, ya cusa a aljihu, ya fice yana huci. Tsohon ya sake liƙewa, amma fentin ƙasa bai bushe ba, salatif bai kama da kyau ba.

Ya fesa fari, ya jira. Ya fesa ja siriri, ya jira. Ran bikin gama makarantar da safe ya ɓare salatif ɗin a gaban mai jirgi. Tagogi tas, sai ta gaba kaɗai, ja ya kutsa ya rufe ta.

Mutumin ya dafe kai. “Wayyo, ni na yi! Me zan kai wa Rahila?”

Tsohon ya ɗauki reza ya kankare a hankali har gilashi ya fito, sai ɗan tabo a gefe. Mutumin ya durƙusa ya yi godiya, ya rungumi jirginsa ya tafi.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai fentin nan Ubangiji ne, jirgin kuwa ranka ne. Gogar samfefa tana da zafi, amma ba ya zuba launi a kan datti. Inda ya liƙe kuma, ba mugunta ba ce, idonka yake tsarewa. Aikin da aka hana ka, tafiyar da ta fasa, salatif ne. Ni nan da bakin nan nawa na ɓare wurare da yawa, Ubangiji ya zauna ya kankare, bai jefar da ni ba. Na gode masa har da tabon.

Kai mai gunaguni, duba baya. Ba ƙofar da ka ɓalle da ƙarfinka ce ta bar maka tabo ba? In ƙarya nake yi, tashi ka faɗa.